Hodi da Shanyar Bisa Kwalta

In dai ka taɓa hawa kabu-kabu daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi to ka san Hodi, ko ba ka san sunan ba ka san tahiyar, wani dogo baƙi mai ɗingishi da ƙafar dama wanda in za shi hau mashin sai shi kama wando shi ɗaga ƙafar da hannu shi aza ta. Nan Ambursa anka haife shi gidan manoman shinkafa, ubanshi ya so shi zauna fadama, shi kau tun shina ƙarami ba abin da shike so kamar inji, in anka aike shi kai tuwo gona sai a iske shi gun mai gyaran injin ban ruwa ya aje kwano tururuwa sun cika shi. Boko bai yi nisa ba, allo ya taɓa gwargwado. Da yat tasa yab bi wani bakanike shekara da shekaru shina shan baƙin mai da zagi, daga nan yas samu mashin yash shiga kabu-kabu, kuma wallahi ya iya tuƙi, tsohi mata in za su asibiti shi suke cewa a kira musu don ba ya gudu ba ya faɗawa rami.

Matarshi Rauda ɗiyar Malam Usmanu ce shugaban manoman shinkafa na unguwarsu, dattijo ne da ba a taɓa jin muryarshi sama ba. Lokacin da Hodi yan nemi Rauda dangi sunka ce ɗan kabu-kabu, yau shina nan gobe an kwaso shi cikin zane, Malam Usmanu yac ce shi ya ga hankalin yaron ya ba shi. To ka ga kunyar Hodi ta zama biyu, ga ta surukuta ga ta alheri. Ba ya cin abinci gabanshi, ba ya haɗa ido da shi, in ya hango shi bisa hanya kashe mashin shike shi sauka shi tuɓe takalmi shi durƙusa, kai ko fasinja yaɗ ɗauko mai suna Usmanu ba ya iya kiran sunan sai dai shi ce mai sunan Baba sauka mun iso.

To ga abin da ke akwai. In anka yanke shinkafar rani sai ta sha rana kafin a zuba ta buhu, in ba haka ba ta yi baƙi ta yi wari mai saye shi yamutsa fuska shi wuce. Fadama danshi, cikin gari rairayi da kaji, ina ke da zafi ga faɗi ba ƙasa? Kwalta. Hanyar ga da ta fito Birnin Kebbi ta nufi Argungu ita ce wurin shanyar kowa, a baza shinkafa gefe da gefe har ta ci rabin hanya, a jera duwatsu da gungume don kar mota ta taka, kowa da wurinshi da anka sani tun na kakanni kamar gona. Rannan da la'asar Hodi ya sauke fasinja birni shina dawowa, wata babbar mota ta albasa tat taho tana kauce ma shanyar wancan gefen tac cinye hanya, shi kau yak kauce yah hau bisa shinkafa, shinkafa mai ɓawo bisa kwalta kamar ka taka sabulu bayi ne, mashin yaz zame yaj ja shi har ƙafar dama tas samu dutse, ƙarar da tay yi masu tallan mangwaro sun ji. Shanyar wa? Dutsen wa? Na Malam Usmanu.

Ba a kai shi asibiti ba gun maɗori anka kai shi, don haka ake yi. Malam Usmanu yaz zo gaisuwa yaz zauna bakin ƙofa yac ce Allah shi kiyaye gaba, Hodi yaj ja zane yar rufe ƙafar yac ce amin Baba. Shi ke nan maganar da anka yi. Duk zaman jinyar daga gidan surukin ake aiko abinci, kowa cikin garin ya san dutsen wa ne ba wanda yab buɗe baki, ɗori yak kama amma ƙafa tad dawo gajera. Kakar shinkafa tana zagayowa shanya tak koma inda take, duwatsu sunka koma inda suke, bayan shi wani yaro mai keke ya rasa haƙoran gaba nan, wata mata da goyo sun faɗi sun kuje, duk a ce tsautsayi a yi addu'a a watse. Hodi in ya biyo wurin sai shi ji ƙafar tana zugi, shi yi tsaki shi kaɗai cikin hular kwano.

Ana haka sai ga wani ma'aikaci daga Birnin Kebbi, Musaddiq, saurayi mai farar riga da jakar rataye, yaz zo tashar 'yan kabu-kabu yac ce akwai wata shaida da wata ƙungiya ke ba gari in ya nuna shina kiyaye mutanenshi daga haɗari da rauni, kuma manya suna son Ambursa ta zama ta farko.

Wani yac ce, "Oga shaidar ga ana cin ta?"

Anka yi dariya, Musaddiq bai ji haushi ba yac ce ku tsaya ku ji. Yac ce ba saye ake ba kuma ba roƙo ake ba, sai gari ya kafa kwamiti da kowa ke ciki, direbobi da manoma da mata da malaman asibiti da na makaranta, a riƙa bin duk wanda yaj ji ciwo a san ina ne kuma mi yaj jawo, a duba abin da yaf fi cutar da mutane a tashi kanshi a gyara, a nuna abin ya ragu, sannan masu dubawa su zo da kansu su gani da idonsu su tambayi mutane, in sun gamsu su ba da shaida a kafa allo bakin gari, bayan wasu shekaru su sake dawowa su ga ko an yi sake.

Hodi da ke kishingiɗe bisa mashin yam miƙe zaune. "Kac ce abin da yaf fi cutar da mutane sai an gyara shi?"

"Dole. In sunka rubuta ga matsalar garin ga, manya na son shaidar, ba su da yadda za su yi sai su gyara."

"Ko da dandamalin siminti ne bayan gari na shanya?"

"Ko mi ne, in dai shi ne anka rubuta."

Ranar Hodi bai yi wani aikin kirki ba, yak koma gida shina ba Rauda labari tun daga zaure, za a yi dandamali, za a ɗauke shanya daga hanya, kuma ba shi za shi ce Baba tashi ba hukuma za ta ce. 'Yan kabu-kabu sunka ce to tunda kai abin yad dama je ka wakilce mu. Tamba, taubashinshi ɗan kawunshi, wani gajere mai baki da ke noma kusa da gonar Malam Usmanu, yana jin labari yab biyo shi har tasha. "Kai jama'a, gurgu shi ne shugaban kiyaye haɗari! Ai sai su ɗauki hotonka su liƙa bisa allon, kowa ya gani ya san gari ya kiyaye."

"Allah shi shirye ka Tamba, kai da in ka hau mashin ƙafarka ba ta kai ƙasa."

"Tawa dai biyu daidai suke."

Ranar mitin na farko Hodi ya sa rigar sallah ya shirya magana tun daga gida shina maimaitawa bisa hanya, shina shiga ajin firamaren da anka ba su wa zai gani kujerar gaba? Malam Usmanu, wakilin manoma. Maganar tak koma ciki. Yad durƙusa yag gai da shi yat tahi can baya yaz zauna bisa benci kamar an jiƙa shi. Musaddiq yac ce kowa shi faɗi abin da ke jawo rauni garin ga, anka ce rashin hular kwano, anka ce yara masu wanka gulbi, anka ce rijiya ba murfi, wata malamar asibiti tac ce ruwan zafi da ke ƙona yara, anka zo kan Hodi yac ce duk abin da manya sunka faɗi shi ne. Ana fitowa yat tare Musaddiq bayan aji yac ce Oga shanya ce, wallahi shanya ce, dubi ƙafar ga.

"To mi ya hana ka faɗi ciki? Ni ba ni iya rubuta abin da ba a faɗi gaban kwamiti ba, sai a ce ni na ƙirƙira."

"Surukina ne ke zaune gaba."

"To ai ba sunanshi za ka kama ba."

"Oga ko ban kama ba kowa ya san dutsen."

Haka anka yi ta yi wata da watanni. Mitin, hoto, mitin, hoto. Anka raba riguna masu ƙyalli, anka yi ma rijiyoyi murfi, wannan kam an yi abin kirki ba a hana su, anka je makaranta anka koya ma yara tsallaka hanya. Shi kau Malam Usmanu bai taɓa fashin mitin ba ko sau guda, mutum ne mai cika alkawari, kullum shi ne farkon zuwa da dardumarshi. Hodi har addu'a yay yi Allah shi sa wani ɗaurin aure shi ɗauke dattijon ranar mitin, yaj ji kunyar addu'ar yay yi istigfari. Musaddiq yaj je asibiti neman adadin waɗanda sunka faɗi bisa hanya yad dawo shina murna wai kusan babu, Hodi yac ce Oga ai ba asibiti muke zuwa ba gun maɗori muke zuwa, sunka tahi gun maɗori tsohon yac ce shi ba ya tona asirin wanda yaz zo hannunshi, wanda yak karye Allah ya karya shi wanda yaw warke Allah ya warkar da shi, su gai da gida.

Sai anka sa ranar zuwan masu dubawa, kuma ranar taf faɗo tsakiyar yankan shinkafa. Kai Hodi kamar shi yi rawa. Yac ce ma Rauda shi ke nan Allah ya yanke mani wahala, ba sai na ce komi ba, motarsu ma ba ta iya wucewa sai ta kauce ma duwatsu, idonsu zai yi mani magana. Satin nan hanya ta cika maƙil, shinkafa ja-ja-ja tun daga shigowa gari har fita, shina wucewa shina kallon duwatsun kamar 'yan uwanshi.

Ana gobe za su zo da hantsi sai ga mai shela da lasifika bisa keke, mai unguwa na gai da kowa, gobe muna da manyan baƙi, duk mai shanya bisa kwalta shi kwashe yau, a ɗauke duwatsu a share hanya, wanda yab bar ko tsaba guda shi da mai unguwa. Hodi ya ɗauko fasinja yas sauke shi nan tsakiyar hanya yac ce yi haƙuri nemi wani, yaj juya sai ƙofar mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, ai abin da za su zo gani ke nan."

"Mi za su zo gani?"

"Matsalar gari ranka shi daɗe, Musaddiq ya ce in ba su gani ba ba a gyarawa."

Mai unguwa yad dube shi sama da ƙasa. "Hodi, kai in za ka yi baƙo gidanka, shara kake tarawa tsakar gida ka ce zo ka gani? Mutane su taso tun daga nesa mu tarbe su da duwatsu bisa hanya, su koma su ce Ambursawa ba su san darajar baƙo ba? Tashi ka ba ni wuri."

Hodi yak kira Musaddiq a waya, Musaddiq yac ce shi ma ya yi magana an ce shi yaro ne bai san gari ba, amma kar shi damu ai za su tambayi mutane baki da baki, nan sai shi faɗi. Kafin la'asar hanya ta yi tas kamar an lashe, har fenti fari anka shafa ma gindin itatuwa, shinkafar da ba ta bushe ba anka tura cikin zaure da ɗakuna tana gumi.

Da safe Hodi ya sa rigar ƙyalli za shi firamare inda anka kafa rumfa, sai ga ɗan aiken mai unguwa, wai an ce shi tahi Argungu shi sawo kifin da za a yi ma baƙi, giwan ruwa manya ɗanyu, don shi ne ya san masunta kuma shi ne mai hankalin tuƙi. Hodi ya san ba kifi ba ne, duk garin ga ba a rasa mai zuwa Argungu ba sai ɗan kwamiti? Ɗingishin ne ba a son baƙi su gani. Yac ce ma Rauda kin gani ko, yadda sunka kwashe shinkafa haka sunka kwashe ni. Tac ce to ƙi zuwa mana. Yac ce aiken mai unguwa? Yaɗ ɗaure kula bayan mashin yat tahi.

Mutumin da tsohi ke yabo ba ya gudu, ranar ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ɗan kwamitin kiyaye haɗari da rigar ƙyalli shina wuce motoci kamar an koro shi. Yas isa Argungu bakin gulbi masunta ba su fito ba, wanda yas sani yac ce zauna ka sha fura yanzu jirage za su iso, yac ce ba fura ta kawo ni ba. Shina tsaye shina zama shina duba waya, rana tana hawa. Da kifin yaz zo mai kifi sai ya ba shi labarin yadda anka kama shi, sai ya tambayi mutanen Ambursa ɗaya bayan ɗaya, ina wane ina wane, wane ya aurar da ɗiyar nan kuwa, Hodi na cewa lahiya lau lahiya lau shina tura kifi cikin kula da hannunshi. Yaj juyo, ruwan kifi na zuba bisa bayanshi ƙudaje na bin shi.

Yas iso azahar ta gota. An gama zagaya gari da baƙi, an nuna musu rijiyoyi da murfi, yara sun yi musu wasan tsallaka hanya, yanzu suna zaune cikin rumfa. Shugabarsu wata likita ce Hajiya Asiya, babbar mace da tabarau, ka ga fuskarta ka san ta gaji. Tun safe take tambaya, wa yaj ji ciwo garin ga bana, ina ne yara ke faɗuwa, wace kwana ce ke cin mutane, kowa ta tambaya sai shi yi murmushi shi ce lahiya lau Hajiya, Allah ya kiyaye mu, ba mu da matsala sai godiya. Uban yaron da yar rasa haƙora ma haka yac ce, yaron kau an tura shi gidan gwaggonshi tun jiya. Ba ƙarya suke ji suna yi ba, ba a tarbar baƙo da kuka ne, ko gawa ke kwance cikin gida in baƙo yay yi sallama lahiya lau za a fara ce mashi.

Hodi yaɗ ɗauko kula shina jan ƙafa za shi wuce da ita gun mata masu girki, ɗan aiken mai unguwa na yi mashi alama shi bi ta baya, yaƙ ƙi yab bi ta gaban rumfa da gangan. Hajiya Asiya tas sauke tabarau.

"Bawan Allah, kai mai rigar kwamiti, zo nan."

Yad dire kula yaz zo, ga maganar nan ta taso har maƙoshi, shanya ce Hajiya, duwatsu ne, jiya anka kwashe, dandamali muke so. Musaddiq daga bayanta shina ɗaga mashi gira, faɗi, faɗi. Sai da yaz zo dab sannan yag ga wanda anka zaunar hannun damanta don girmamawa. Malam Usmanu, da farin rawani, hannuwa bisa gwiwa. Ƙafafun Hodi da kansu sunka tuɓe takalmi sunka durƙusa.

"Mi ya samu ƙafarka?"

"Tsautsayi ne Hajiya."

"Na sani, kowane rauni tsautsayi ne, ni so nike in ji yadda anka yi. Mashin ne?"

"Mashin ne."

"Ina?"

"Nan bisa kwalta."

Tag gyara zama taɗ ɗauki biro, tun safe sai yanzu tas samu mutum guda. "Madalla. Mi ya kada kai?"

Har masu raba ruwa sun tsaya. Hodi bai ɗaga kai ba amma shina ganin ƙafafun dattijon cikin takalmin fata, ƙafafun da sunka tako har bakin ƙofarshi gaisuwa. In ya faɗi, gaban baƙi gaban mai unguwa gaban gari duka ya ce uban matarshi ne ya gurgunta shi. Malam Usmanu bai ce kar ka faɗi ba, ko motsi bai yi ba, da ma ya harare shi da ya fi sauƙi.

"Akuya ce Hajiya."

"Akuya?"

"Akuya ta gitta mani."

Musaddiq yad dafe kai. Hajiya Asiya tad dube shi ta daɗe, tac ce ka tabbata, yac ce ƙwarai, tar rubuta. Mai unguwa yay yi gyaran murya yac ce a kawo abinci, Hodi yaj ja takalminshi yaf fita ta bayan rumfa, kifin da yas sha rana dominshi ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Washegari tun da sassafe shanya tad dawo bisa hanya har ta fi ta da, don wadda anka ɓoye ta fara wari kowa na sauri. Bayan 'yan makonni amsa taz zo, Musaddiq yat tara kwamiti yak karanta. Sun yaba da rijiyoyi sun yaba da tarba, amma ba su ba da shaida ba, sun ce garin da kowa ke cewa ba a jin ciwo cikinshi bai fara neman inda ake jin ciwon ba, rauni guda kawai anka nuna musu shi ma na dabbobi masu yawo bisa hanya, a fara da wannan a riƙa bin sauran, in an shirya a sake kiransu. Mai unguwa yac ce to kun ji, awaki ne sunka hana mu. Anka sa doka kowa shi ɗaure akuyarshi, anka sa samari kamun duk wadda anka gani bakin kwalta, kuma akuyar farko da anka kama ta Rauda ce. Manyan birni da sunka ji ba allo ba hoto sai sunka juya wani gari, Musaddiq anka mai da shi wani ofis, mitin yam mutu.

Rauda ta dawo daga karɓo akuyarta tana jan ta da igiya tac ce, "Sannu mai akuya. Ka rasa wanda za ka laƙa ma sai baiwar Allah da ba ta da baki."

"To mi kike so in ce? In ce Baba ne?"

"Da ka ce ma ni in ce ma Inna ta ce mashi, tun shekarun ga, ba sai an taso likita daga wata ƙasa ba."

Hodi bai taɓa tunanin haka ba, shi duk hankalinshi na ga hukuma. Rauda tat tahi gida tas samu uwarta cikin ɗaki, uwar tas samu dattijon bayan ya ci abinci, amsa tab biyo ta hanyar da tat tahi. Wai Baba ya ce tun ranar da abin yaf faru bai sake aza dutse bisa hanya ba sai gabanshi ya faɗi, ya yi shiru ne don kar yaron shi ga kamar ana tuna mashi, ranar rumfa kau da ƙasa za ta tsage da ya shige, in akwai inda za shi shanya ko yau shi tashi.

Hodi yaj ji kamar shi yi kuka kamar shi fasa wani abu. Siminti dai ba shi da halin shi, amma akwai ɗan fili bayan gidanshi, yas share yad daidaita yay yi ta jigilar tsakuwa da mashin, Rauda tag gayyato matan unguwa sunka yi daɓe irin na da, suna bugu suna yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa suna waƙa suna yi mashi tsiya wai angon akuya, har wurin yay yi sumul yay yi ƙarfi. Ba wani babba ba ne, shanyar mutum guda zai ɗauka. Malam Usmanu yaz zo yad duba yat taka da ƙafa yac ce Allah shi yi albarka, Hodi na durƙushe yac ce amin Baba. Da safe yaran dattijon sunka kwaso shinkafa sunka baza bisa daɓe, sunka mirgine duwatsunshi daga kwalta sunka jefa rami.

Hodi yah hau mashin yay yi birni da fasinja, yaw wuce wurin yag ga kwalta baƙa wuluk ba komi bisanta, faɗin wuri guda cikin duk hanyar, yaj ji daɗi har shina ba fasinja labarin da bai tambaya ba. Kafin azahar ya dawo. Tun daga nesa yah hango ja inda yab bar baƙi, yam matso, shinkafa ce sabuwa an baza, ga Tamba gajere ya tuɓe riga shina turo wani dutse da yaf fi na da girma.

Yak kashe mashin yas sauka. Tamba ba suruki ba ne, to ranar bakin Hodi yab buɗe. Duk abin da yat tara tun ranar da ƙafar tak karye, wanda bai faɗi ma kwamiti ba bai faɗi ma likita ba, nan yaz zazzage shi tsakiyar hanya da ƙarfi, shanya ce ke karya mutane, duwatsu ne, ga ƙafata ga haƙoran yaron nan ga mata da goyo, ba akuya ba ce ba a taɓa yin akuya ba, an share hanya an ɓoye ni an ɓoye yaro an yi ma itace fenti, dandamali ake so ba allo ba, shina faɗi shina nuna kwalta jijiyar wuya ta tashi, masu mangwaro sun taru, wata mota ta tsaya direba na leƙe.

Tamba ya jingina da dutsen shina saurare har Hodi yag gama shina haki.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare."

"Wallahi ka iya magana taubashi, da likitar ga tana nan da ta cika takarda. To ni ina kake so in kai ta, ɗakin uwata? Wuri na gani ba kowa na shiga, in ban shiga ba wani na shiga. In ka yi mani daɓe irin na surukinka gobe in tashi." Yad duƙa yas sa kafaɗa ga dutsen yaɗ ɗago kai. "Matsa can gurgu, kana taka mani shinkafa."